Shekarar da Na Rage wa Jita Murya

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami a kan wannan babi. Ku 'ya'yana, akwai wani zance da ya daɗe yana yawo a gidan nan, kuma na lura duk wanda ya ɗauko shi sai ya ƙara masa gishiri. Wai kakanku ne ya raba ni da kiɗa, wai ya ce in zaɓa, ko jita ko gidansa. Har na taɓa jin autarku tana gaya wa ƙawarta cewa gatari ya sa ya faskara ta. To jitar tana nan a saman sif cikin buhunta, babu abin da ya same ta sai tsufa, kamar mai ita. Malam, mahaifina, bai taɓa ɗora mata hannu ba, Allah ya jiƙansa. Abin da ya faru daban ne. Waɗanda suka gani da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, in ban da ni da mahaifiyarku, ita kuwa kun san ko za a kwana ana tambayarta ba za ta faɗa ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta.

Cin rani ne ya kai ni Kano tun ina saurayi. Na tafi da niyyar dako a kasuwa, sai na ɓige da ɗaukar wa wasu makaɗan zamani kaya a Sabon Gari. Daga ɗaukar kaya na koma riƙe waya, daga riƙe waya na fara taɓa jita in masu ita sun tafi cin abinci, har shugabansu, wani mutumin kudu da muke kira Oga, ya kama ni wata rana. Maimakon ya mare ni sai ya gyara mini yatsu. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama na riga na zama mai jita na biyu a ƙungiyar, ina da jitar lantarki tawa ta hannu, ja, wadda ta sha duniya kafin ta zo wurina. Ina kuma da amfilifaya irin ta masu tallar magani a kasuwa, wadda take aiki da batirin mota, an haɗa ta da babbar lasifika a cikin akwatin katako. Mu dai akwati muke ce wa duka abin.

Oga yana da karatu guda ɗaya, kuma kullum sai ya maimaita shi da gurguwar Hausarsa.

"Jita ba ya buɗe baki sai ka buɗe masa akwati har ƙarshe."

Gaskiya kuma akwai abin dubawa a maganarsa. In ka murɗa akwati ya kai maƙura, sautin yakan yi kauri, ya ɗan dishe kamar muryar mawaƙin da ya yi zafi, kuma in ka taɓa tsirkiya ɗaya sai ta yi ta jan numfashi bayan ka ɗauke hannu. In ka rage kuwa, sai ka ji abin ya rame, ya zama siriri, kana taɓawa yana mutuwa. A kan wannan na tashi, ban san akwai wata hanya ba. Da aka yi mini aure aka kawo mahaifiyarku daga Gafasa, ɗaki ɗaya gare mu a gidan haya. Gado a nan, akwati a gindin gadon. Da rana in maƙwabta sun fita nema nakan buɗe shi in yi ta bita, ita tana zaune a bakin gadon tana tsince shinkafa ko tana saƙa. Haka ta ɗauki cikin fari, haka ta raine shi, kwanuka suna rawa a kan kantar ɗaki saboda ƙara, ba ta taɓa ce mini ta gaji ba.

Da ciki ya tsufa na mayar da ita gidansu a Gafasa, don haihuwar fari a gaban iyaye ake yin ta. Ni kuma na wuce gidanmu a Toranke in taya Malam shuka, da niyyar in an yi suna in koma bakin aikina. Ruwan farko bai daɗe da sauka ba ta haifi babbar yayarku. Ranar suna abokaina na Gaya da Ajingi suka tasa ni a gaba, wai sai sun ga garayar lantarkin nan da ake ba su labari. Bayan la'asar muka kafa akwati a ƙofar gidan surukaina, gindin darbejiya, muka jingina shi da katanga. Babu wanda ya tuna cewa bayan katangar nan ɗakin mai jego ne. Na buɗe shi yadda Oga ya koya mini. Ranar Gafasa ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Awaki suka tsinke turke, yara suka hau bishiya, wani tsoho ya toshe kunne amma ya ƙi tafiya. Can wata dattijuwa ta leƙo ta ce ƙasa tana zubowa daga bango a kan gadon jaririya. Muka ja akwatin gaba kaɗan, aka ci gaba da sha'ani har kusan magariba.

Aikin gona bai bar ni na koma Kano ba har aka gama wankan jego aka dawo da mahaifiyarku Toranke, kuma tare da ita wata magana ta shigo gidan. Wai yarinyar ba ta firgita. Ƙofa ta buga, ba ta motsa. Taɓarya ta faɗi a kusa da ita, barcinta take yi. A gidanmu akwai ƙanwar Malam, Goggo Dije, mace mai kirki amma bakinta ba shi da linzami. Ita ta ɗauki binciken a kanta. Sai ta lallaɓo da farantin tasa da muciya, ta tsaya a kan jaririya tana barci, ta rafka. Kaji su watse, Inna ta dafe ƙirji, yarinya ko gezau. Wata rana da yamma aka yi wata tsawa da ta sa manya salati, jaririn maƙwabta ya tsanyara ihu har muna jiyo shi ta kan katanga, tamu kuwa tana kwance tana tsotsar hannu. Ranar Goggo ta fito tsakar gida ta faɗi abin da kowa yake raɗawa.

"To, sai a yi haƙuri. Uban ya fasa mata dodon kunne tun ranar suna. Kurma ce."

Ku na yanzu da kuke saɓa 'ya'yanku a kafaɗa kuna yawo da su a gaban kowa, ba lallai ku gane halin da na shiga ba. A lokacinmu ɗan fari abin kunya ne. Ba ka ɗaukarsa a gaban iyayenka, ba ka kiran sunansa, ba ka ma nuna ka san da shi. In an ce ba shi da lafiya, sai ka sunkuyar da kai kamar ɗan wani ake nufi. Saboda haka ina ji ina gani ana rafka wa 'yata faranti a ka, ban isa in je in tsuguna in kira ta a hankali in ga ko za ta waiwayo ba. Mahaifiyarku ma haka, ita tata kunyar har ta fi tawa. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali, ta kawo mini tuwo ɗakina, na tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Ke, a ganinki tana ji?"

"Wa?"

"Kin san wadda nake nufi."

"Ni ina zan sani? Ka tambayi su Inna."

Ta ajiye kwano ta juya, amma na ga idonta ya kawo ruwa. Tuwon nan ban iya cin sa ba.

Inna ta goya yarinyar ta kai ta ɗakin shan magani a Ajingi. Malamin da ke wurin ya leƙa kunnuwan ya ce bai ga ciwo ba, amma ba zai iya cewa komai ba sai wuyanta ya yi ƙwari ta fara juya kai. Wato a koma gida a jira. Da yammar ranar Malam ya kira ni zaure. Yana zaune a kan buzunsa yana gyara ƙotar fartanya, bai ko ɗago ba.

"Haruna."

"Na'am, Malam."

"Ban ce abin nan naka ne ya yi ba, Allah ne ya sani. Ban kuma ce ka yar da sana'arka ba. Amma ga ni nan a zaure. In na ji shi daga nan, to ya yi yawa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, shi ne kuma aka mayar da shi gatari. A makon ne wani direban motar Kano ya tare ni ranar kasuwar Ajingi da saƙon Oga, cewa ƙungiya za ta fita zagayen garuruwa, in ban zo ba zai sa wani a gurbina. Na daɗe ina mafarkin wannan tafiya. Na tsaya a tasha har motar ta cika, yaron mota yana ta kiran saura mutum ɗaya, ina jin kamar da ni yake. Amma na san in na tafi, duk tsirkiyar da na taɓa a can, tambayar nan ce za ta riƙa amsa mini. Na ce wa direban ya gaya wa Oga damina ta riƙe ni. Na tako da ƙafa na dawo Toranke.

Ɗakina yana can ƙuryar gida, bayan rumbuna, da dangar zana tsakaninsa da sashen mata. In mun taso daga gona na yi wanka, sai in shiga in jona waya, don kada yatsu su sandare, don kuma zuciya ta sami abin riƙewa. Na rage akwati yadda ba zai kai zaure ba. Kai, abin da ya fito ban so ko maƙiyina ya ji ba. Kamar sauro ya faɗa gwangwani. Akwatin yana da abin murɗawa na ƙarfin murya, da na kauri, da na kaifi. Na ƙara kauri, sauti ya zama kunu. Na ƙara kaifi, ya koma soka kunne. Na yi kwanaki ina wannan murɗe-murɗen, har na fara yarda cewa Oga ya yi gaskiya, daɗi da ƙara tagwaye ne. Abin da ya hana ni haƙura wani tunani ne da ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina, idan Allah ya sa akwai sauran ji a kunnen yarinyar nan, ba na so abin da za ta sani daga wurina ya zama hargowa kawai.

A Gaya nake kai batir caji, wurin abokina Garba mai gyaran rediyo. Na ba shi labarin damuwata, ban da ta yarinyar, wadda na san ya riga ya ji. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Kai da kake girgiza Sabon Gari, yau kai ne kake neman yin raɗa?"

Ya tona cikin tarkacensa ya ciro wata 'yar lasifika ta mataccen rediyo, ba ta fi tafin hannu ba, ya busa mata ƙura.

"Gwada wannan. Taka babba ce, ba ta motsi sai an ɗura mata wuta da yawa. Wannan kuwa kaɗan ya ishe ta ta ƙoshi. Ina jin daɗin da kake nema na ƙoshi ne, ba na ƙara ba. In ta ƙone kada ka zo mini kuka."

Na kawo ta gida na jona. Dishewar nan da nake so ta fito, tsirkiya ta fara jan numfashi, kuma duk da haka sautin bai wuce ƙofar ɗaki ba. Sai dai ba shi da jiki, fayau yake, saboda lasifikar tsirara take a kan tabarma. Na gwada ta a kwali, na gwada a ƙwarya, duk ba su yi ba. A bayan madafa akwai wani tsohon tulun Inna da ya tsage aka daina zuba masa ruwa. Na ɗauko shi na zaunar da lasifikar a bakinsa, na toshe gefe da tsumma. Da na taɓa tsirkiya sai da na waiga, don na zaci wani ne ya shigo. Sauti ya yi ciki, ya yi zurfi. Ya ɗan cika gunji, sai na tura auduga a cikin tulun har ya daidaita. Goggo Dije ta gan ni ina wucewa da shi.

"Oh ni Dije! An gama da kunnen yarinya, an koma kan tulunan gida."

Sauran abubuwan a hankali na tsinto su, wasu ma da tuntuɓe. Na lura in tulun yana ƙasa ƙafafuna ne suke sauraro, sai na kifa tsohon turmi na kwantar da shi a kai, bakinsa yana kallon kunnena, nan take na ji ban ma buƙatar ƙarin murya. Na gano gara in ɗan buɗe akwatin, in rage daga abin murɗawar da ke jikin jitar kanta, da in shaƙe akwatin in saki jitar. Na rage kaifi sosai. Ɗan guntun robar da muke kaɗa tsirkiya da shi na ajiye, na koma naman babban yatsa, ina kaɗawa can kusa da wuyan jita inda sautin ya fi taushi. Har batir na fahimci halinsa, ranar da aka dawo da shi daga caji tsawa gare shi, sai ya kwana biyu yana aiki yake laushi. Da na gaya wa Garba wannan cewa ya yi yunwa ce take sa ni jiye-jiye. Babban abin da na koya shi ne, da can ƙara ce take rufa mini asiri. Yanzu da komai ya fito fili, in yatsa ya zame sai na ji, dole na koyi taɓa tsirkiya da ladabi. Kaji suna kiwo a bakin ƙofata ba sa ko ɗaga kai, Malam kuma bai sake kirana zaure ba.

Gero ya fitar da kai, yarinya ta fara riƙe wuya, gidan kuma kowa ya daina tayar da maganar. Mutum ɗaya ne bai canza mata ba, shi ne Malam. Kun san wasan kaka da jika. Amaryata yake ce mata, kullum da safe sai ya karɓe ta ya zagaya gida da ita yana yi mata tsiya, wai ta cika barci, ba ta iya tuwo ba, zai sake ta. Goggo takan ce yana ɓata bakinsa, shi kuwa bai fasa ba.

Wata safiya aka kwana ana ruwa, ƙasa ta jiƙe ƙwarai ba a shiga gona. Da hantsi ina ɗaki ina kaɗa wani ɗan sanyayyen kiɗa da na saba bita da shi tun a Kano, sai na ji muryar Malam daf da ni, a bayan zana.

"Haruna. Tsaya."

Na ce shi ke nan, yau ya kai zaure. Na dafe tsirkiya.

"Buga."

Na yi zaton ban ji daidai ba. Ya sake cewa in buga, na buga. Ya ce in tsaya, na tsaya. Na ji takunsa a cikin laka yana zagayawa ta ɗaya gefen ɗakin, wajen rumbu.

"Buga kuma."

Na buga. Sai na ji Malam, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya a cikin gida ba, ya ƙwala kira.

"Dije! Ke Dije! Ku zo ku gani!"

Kafin in miƙe ya yaye labulen ƙofata, ya zauna a dokin ƙofa da yarinyar a cinyarsa. Tunda na girma bai taɓa zuwa ɗakina ba sai ranar. Inna da Goggo suka taho a guje, mahaifiyarku ta tsaya can nesa a bakin zana, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Malam ya juyar da yarinyar ta ba tulun baya, ya yi mini alama da ka. Ni kuwa na kafa ido a kan tsirkiya, don ban isa in kalle ta a gabansu ba.

"Ɗago ka duba mana," in ji shi. "Yau na yafe maka kunyar."

Na ɗago. Na taɓa tsirkiya ɗaya a hankali. Yarinyar nan ta saki yatsan da take tsotsa, ta yi tsit, sannan ta murɗo wuyanta da ƙyar, kai yana rawa, har sai da ta sami bakin tulun. Na ɗauke hannu, ta juyo tana neman inda abin ya tafi. Na sake taɓawa, ta koma. Inna ta fashe da kuka tana hamdala. Goggo Dije ba ta yarda da sauƙi ba, ta ruga ta ɗauko farantinta ta rafka a bayan yarinyar. Ko kallonta ba ta yi ba, tulunta kawai take kallo. Goggo ta riƙe haɓa.

"To wannan ai ba kurumta ba ce. Raini ne."

Aka kwashe da dariya, masu kuka suna yi suna dariya. Malam ya ɗaga ta sama yana cewa ashe amaryarsa tana jin duk tsiyar da yake mata, shiru kawai ta yi masa. Ni dai na ajiye jita na ce zan je in duba ko ruwa ya kwantar da gero. Na shiga tsakiyar gona inda ba mai ganina, na durƙusa a cikin laka, na yi kukan da na yi wata da watanni ina haɗiyewa. Ban taɓa jin nauyi ya sauka daga kaina irin na ranar ba.

Da yamma mahaifiyarku ta kawo tuwo, ta ajiye, wannan karon ba ta yi saurin juyawa ba.

"Ni dama na yi ta tunani," in ji ta, tana kallon ƙasa. "Wadda tun tana ciki take kwana a gindin akwatin nan, wane faranti ne zai firgita ta? Kuma wannan kiɗan da ka yi, in kana yin sa a Kano, a lokacin ne take motsi a cikina. Na ji tsoron in faɗa ya zama ba haka ba."

Oga ya sa wani a gurbina kamar yadda ya ce, kuma ban sake hawa dandamali ba. Ba zan ce muku abin bai yi mini ciwo ba. Na yi shekaru in na ji irin kiɗanmu a rediyo sai in tashi in bar wurin. Na zama manomi mai jita, ana kirana ƙananan bukukuwa a Gaya da ƙauyukan Ajingi, in je da tuluna a bayan keke ana yi mini dariya, in na fara kuma a matso kusa a yi shiru. Babbar lasifikar tawa, Garba na bar wa ita. Malam kuwa, da tsufa ya kama shi kunnensa ya yi nauyi, shi da kansa yakan aiko daga zaure a ce in ɗan ƙara, ba ya ji.

Wannan shi ne gaskiyar zancen, babu gatari a ciki. Yayarku yanzu ta yi jikoki, kuma kun fi ni sanin cewa ko a ɗaki na uku kuka yi gulmarta sai ta jiyo. Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce ke, ko in ce yayarku, ita ma ba ta taɓa tambayata dalili ba. Malam ya yafe mini kunyar rana ɗaya, sauran ni na ci gaba da riƙe ta. Yanzu na tsufa, takarda kuma ba ta da ido. Hadiza, ranar da kika juyo kika kalli tulun nan, ban yi asarar komai ba a Kano.